'Yar Mai Kifi ta Don Evaristo

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Lahadi, lokacin da duk Montevideo ta koma gaban talabijin saboda wasan manyan ƙungiyoyin garin, Ubaldo ya danna bakin bindiga a ƙeyar mai aikin gidan Don Evaristo, ya ingiza ta ciki.

"Ƙasa! Kar wanda ya yi tari!"

Mutum biyu ne kawai a gidan. Mai aikin ta zube tana kuka. Tsohon mai gidan kuwa yana kan kekensa na guragu, bargo a gwiwa, ko motsi bai yi ba. Ubaldo ya ɗaure su da igiyar labule, ya ƙure ƙarar talabijin, sannan ya yi fito.

Nélida ta shigo fuska a rufe, jakar flas da ganyen mate, shayin ƙasar, a kafaɗa kamar mai zuwa ziyara. Shekararta hamsin da takwas, talatin daga ciki ta yi su ne tana yi wa dillalan kayan tarihi na unguwar Ciudad Vieja gyaran tangaran. Ta liƙa hannun da ya karye, ta mayar da fentin da ya goge, su kuma su sayar a matsayin wanda bai taɓa faɗuwa ba. Da hannunta ya soma rawa, babu wanda ya sake nemanta. Ubaldo, ɗan wanta, shi ya tuna da ita, don shi da direbansa Wilmar ba su san bambancin kayan tarihi da tarkacen kasuwar Lahadi ba.

Kabad huɗu na gilashi, mutum-mutumin tangaran kusan ɗari uku. Ubaldo ya rungumo wani ƙaton keken doki mai ruwan zinariya.

"Wannan fa, Goggo?"

"Dubunsa aka buga. Ajiye."

Tana ɗauka, ta kifa, ta duba tambarin gindi, ta mayar. Cikin minti goma ta ware huɗu, duk ƙanana, ta naɗe su da auduga a kwali. A waje Wilmar ya danna hon. Ubaldo ya ruga taga.

A wannan ɗan tsakanin ta durƙusa, ta zaro ta biyar daga layin ƙasa: wata 'yar mai sayar da kifi, tsawonta bai wuce yatsa ba, fentin zanenta ya koɗe. Ta cusa ta cikin ledar ganyen mate. Da ta ɗago, idon tsohon yana kanta.

"Kada ki kama ta ta wajen kwando," in ji shi a hankali. "Kin fi kowa sani."

Ita ta liƙa kwandon nan, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Ubaldo ya juyo ya tambayi me tsohon ya ce. Ta ce surutun tsufa ne. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauki kwalin.

A mota Wilmar bai bar ta ta huta ba. Ya ce shi bai sa wuyansa a igiya don 'yan tsana huɗu ba, kuma wa ya sani ko tsohuwar ta bar masu tsadar ne don ta koma da wasu. Ta amsa masa cewa ɗaya daga cikin huɗun ta fi motarsa da gidan surukansa a haɗe. Ubaldo kuwa ta madubi yake kallonsu, shi da ita, ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto Graciela Umpiérrez ta isa gidan kafin a tashi wasa. Don Evaristo ya dage shi bai gane kowa ba, amma ya yarda gurbi biyar ne babu komai. Ya gaya mata 'yar mai kifin uku ne kacal irinta a duniya, don masana'antar da ta yi su a Jamus ta ƙone tun shekaru ɗari biyu da hamsin. Babu dillalin da zai taɓa ta, kowa ya san ta wace gida ce. Sufeton ta kwana da tambaya ɗaya, da safe ta bi dillalai da ita: wa zai iya tsintar biyar ɗin nan daga cikin ɗari uku a minti goma? Suna uku aka ba ta. Ɗaya ya mutu, ɗaya Don Evaristo ne da kansa, na ukun kuwa Nélida.

Ranar Litinin da rana suna garejin Ubaldo a unguwar La Teja, suna jiran mai saye da zai ƙetaro daga Buenos Aires a jirgin ruwa. Kwalin yana kan teburin aiki. Rediyo na ta surutu, babu mai saurare, sai da mai labarai ya ce 'yan fashi sun yi awon gaba da mutum-mutumi biyar.

Ubaldo ya kashe rediyon. Ya buɗe kwalin, ya ƙirga da yatsa. Sannan ya dubi Wilmar.

"Jiya kai na bar wa kwalin nan da na je sauya lambar mota."

"Ni na shiga gidan? Dalla malam, duba aljihunka."

Nélida tana zaune kan taya, jakarta a cinya. Kalma ɗaya ce za ta raba su, ta kuma san haka. Sai ta ƙara ƙanƙame jakar.

Suka miƙe, suka fara tono tsofaffin zarge-zarge, na aikin bara da na bara waccan. Wilmar ya kai hannu bayan wando — ko bindiga zai zaro, ko makullin mota, babu wanda zai taɓa sani. Tau! Tau! Wilmar ya faɗa kan gwangwanayen mai, ya shura sau biyu, ya daina.

Ubaldo ya tsaya yana haki. Ya laluba aljihun gawar, ya zazzage motar har ƙarƙashin kujera. Babu komai. Ya dawo ya warware audugar, ya jera huɗun a kan tebur, yana dubansu ɗaya-ɗaya.

"Tsohon nan kwando ya ce, Goggo. Wacce ce mai kwando a nan?"

Ya fizge jakar, ya zazzage ledar. Ganye ya watsu, 'yar mai kifi ta gangaro ta tsaya a gefen tebur.

Ta ce masa wannan ba ta sayuwa, ba don kuɗi ta ɗauka ba. Wata huɗu ta yi a kanta lokacin da hannunta yake hannu, kuma duk rayuwarta ba ta yi aikin da ya kai shi ba. So take kawai ta riƙa ganinta.

"Shekara tara muna tare da shi," in ji Ubaldo, yana nuna gawar. "Kina zaune kina kallo."

Kafin ta buɗe baki aka doki ƙofar garejin. 'Yan sanda! Tun hantsi Sufeto ta bi sawun Nélida, ta sa aka kewaye layin, ƙarar harbi ce ta shigo da su. Ubaldo ya kifar da teburin don ya fake — Nélida ta yi tsalle da hannu biyu don ta cafe 'yar mai kifi, hannun ya ci amanarta. Ta ji ƙarar a kan siminti, 'yar ƙarama, sannan takalman 'yan sanda suka bi ta kai.

Wilmar ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ubaldo ya sami ɗaurin shekara ashirin da biyu, kuma ko a kotu bai ƙara duban goggonsa ba. Nélida ta sami shekara tara, duk da cewa Don Evaristo ya ƙi nuna ta har aka gama shari'a. Daga cikin huɗun, ɗaya ce ta koma gida lafiya.

A Ciudad Vieja an yi wata guda ana zancen, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin dillalai shi ne yanzu saura biyu a duniya, farashinsu ya ninka. Da wani ya tambayi sunan direban da aka kashe, babu wanda ya tuna.