Ƙyallayen Inna Dudu

Inna Dudu na shanya kayan adudunta a tsakar gida sai ta ga an datse gefen tsohon zanenta na saƙi. A garin Wara kowa ya san mai yankar ƙyallen mutum wurin boka ya nufa. To wa ke da almakashi a gidan in ba Mansura ba, amaryar ɗanta Bilyaminu, 'yar telan Yelwa mai wuni ƙunshe a ɗaki?

Bilyaminu ya dawo daga tafki, ko kifi bai sauke ba Inna ta tare shi.

"Jiya rigar marigayi ubanka, yau zanena! Asiri wagga yarinya ka yi muna. Yau ko ita ko ni cikin gidan ga!"

Yana son Mansura kamar ransa, amma shi ma ya ga rigar nan a yanke, zuciyarsa ta soma rawa.

"Inna, ki yi haƙuri mu tambaye ta tukuna."

Ina! Tuni tsohuwa ta banka ɗakin, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta zazzage. Babu laya, babu ƙulli. Bargo ne na ƙyallaye, an harhaɗa da allura, saura gurbi ɗaya a tsakiya.

Mansura ta durƙusa tana kuka.

"Sori Inna, naki ne, na ga sanyin tafki na damun ƙafafunki. Wanga saƙin kinka ce da shi kinka goyo Bilyaminu ran da ruwan dam ya ci tsohon garinku. Ga rigar Baba Mainasara, asu ya kusa gamawa da ita. Ga atamfar lefena. Gidanmu ba a yar da ƙyalle – wallahi ban san nan abin tsoro ne ba!"

Inna ta shafa rigar mijinta, kunya da kewa suka rufe ta. Bilyaminu kuwa ya kasa haɗa ido da matarsa.

Can tsohuwa ta kwance ɗankwalinta ta miƙa.

"Tashi ɗiyata. Yanki nan ki cike gurbin. Amma gobe ki riƙa tambaya!"

Zargi ba bincike ya kusa raba masoya, haƙurin Mansura ya ɗinke gidan. Har Inna ta koma ga Allah, da bargon nan take lulluɓa.