Hucin da Ke Cikin Gilashi

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Gwaggo tana kwashe shanya a tsakar gida, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin wankin hoto. Ta ɗaga kai ta zagi yaran maƙwabta kamar yadda ta saba. Na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi, sannan gidan ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ƙanenta, wanda unguwa ta sani da Mai Hoto, ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya tsinci dutse ɗaya a bakin ƙofa, ya yar da shi da sauri, domin sanyinsa kamar daga cikin ƙanƙara aka ciro shi.

Mutum uku ne a gidan: shi, da yayarsa, da 'yarsa guda tilo mai shekara ashirin da biyu, wadda kowa ke kira 'Yar Baba. Mahaifiyarta ta rasu ranar da ta haife ta. Abin takaici, mutumin da ya ɗauki hoton rabin garin ba shi da na matarsa ko ɗaya a bango. Marigayiyar ba ta son hoto. Kullum ya ɗaga kyamara sai ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Bari sai na haihu, yanzu duk na kumbura." Sau ɗaya tak ya yi mata satar ɗauka, da wata 'yar mitsitsiyar kyamara da wani matafiyi ya kawo gyara. Dodon hoton, wato ɗan fim ɗin da ake wanko hoton daga jikinsa, bai fi farcen ɗan yatsa ba, fuskar da ke ciki kuwa ɗigo ce kawai.

Nan gizo yake saƙar. Injinsa na faɗaɗa hoto an yi shi ne domin manyan fim. Ko ya ɗaga kan injin har ƙarshen sandarsa, abin da yake sauka a takarda bai wuce kwalin ashana ba, fuskar kuma sai ta fito kamar an dangwala yatsa a toka. Sai da gajeren gilashi na musamman, irin wanda aka daɗe da daina kawowa. Shekara da shekaru yana bin shagunan tsofaffin kaya da ɗakunan hoton da suka rufe. In ya sami gilashi sai zoben ɗaura shi ya ƙi shiga bakin injin, in zoben ya shiga sai gilashin ya zama ba shi ba. 'Yar Baba tun tana tambaya da gaske har ta mayar da abin wasa.

"Baba, yau ma ba a samo wa Mama tabarau ba?"

Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa, don shi kansa fuskar ta fara dusashe masa.

Kwanaki kaɗan kafin jifan, abin nema ya samu. A ƙarƙashin benen wani tsohon ɗakin hoto da za a rushe, cikin akwatin gwangwani mai tsatsa, ya tarar da gilashin nannaɗe a ƙyalle. Wani mai gyaran agogo ya yi kwana uku yana goga masa zoben tagulla har haƙoransa suka kama bakin injin. Saura matsala ɗaya: daga cikin gilashin akwai ɗan hazo, kamar wani ya hura masa numfashi bai goge ba. Duk mai sana'ar ya san abin yi. Mai Hoto ya warware gilashin biyu, ya dangwali sifirit da auduga, ya share hazon tas. Da yammacin ranar aka fara jifa.

Kwana na biyu, da aka idar da magariba, suka ji murya a ɗakin wankin, alhali ƙofar a kulle take. Murya ce ta tsohuwa, a hankali, tana ƙidaya kamar yadda Mai Hoto yake ƙidaya in ya saki haske a kan takarda. "Ɗaya. Biyu. Uku." In ta kai goma sha biyu sai ta tsaya, sai wani dogon nishi, sai ta koma farko. Gwaggo ta kama hannun ƙanenta, tana ta addu'a.

Kwana na huɗu 'Yar Baba ta dawo daga makarantar da take koyarwa tana kare fuska da littafi, ta ce rana tana sukar idonta. Washegari ba ta fita ba. Suka neme ta a ɗakinta babu, sai a ɗakin wankin suka same ta, zaune a ƙasa tsakanin farantan ruwa, a cikin duhu, tana ƙidaya da muryar da ba tata ba. Ba ta ci, ba ta sha. In an buɗe ƙofa haske ya taɓa ta sai ta yi ƙara, hawaye mai jini-jini ya zubo. Likita ya haska idon ya ce lafiyarsa lau, ya rubuta magani ya tafi yana waiwaye.

Aka kira wani Malam, ya zo da hantsi, dattijo ne ɗan siriri mai ƙarancin magana. Ya sa aka rufe ƙofa, aka kunna jan ƙwan lantarkin da ake aiki da shi, suka zauna su huɗu a ɗakin da bai fi taku biyar ba. Ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, gumi yana bin gemunsa, kafin ƙidayar ta tsaya. 'Yar Baba ta ɗago kai a hankali, ta zuba wa mahaifinta ido.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Tambayi mai auduga," muryar ta amsa.

"Ni nake tambayarki. Me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Shekara arba'in ina zaune a akwatin nan ban taɓa kowa ba. Ina da ɗa guda. Wata rana yana wasa ya shiga cikin gilashin ya hura masa numfashi, yana dariya. Bai ƙara kwana ba. Mu ba a ɗaukar mu hoto, Malam, ba mu da kabarin da ake zuwa. Hucin nan kaɗai ya bar mini. Kullum ina duba shi. Wannan ya zo ya goge."

Mai Hoto ya buɗe baki. "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka datti ne."

"Na san ba ka sani ba. Rashin saninka zai dawo da shi?"

Malam ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Faɗi abin da zai fitar da ke, amma ki ji tsoron Wanda ya halicce mu duka."

"Idonta nake so, duka biyun."

"Ba za ki samu ba. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu har ki ƙone."

"Ka ci gaba. Kafin in ƙone na tafi da su." Ta ɗaga yatsun yarinyar ta kai su dab da idon. Gwaggo ta saki salati. Malam ya gane ba cika baki take yi ba, kuma wadda ba ta da sauran abin rasawa ba ta jin barazana. Sai ya ce ta rage abin da take nema.

Muryar ta ce, "To, a yi mini daidai wa daida. Ɗan abin nan da yake ɓoye a aljihun ƙirjinsa. Ya goge shi da hannunsa, ina kallo."

Mai Hoto ya dafe aljihun da dodon hoton matarsa yake ciki. Malam ya dube shi, ya dubi yarinyar, ya ce, "Ki bari ya wanke guda ɗaya tukuna. Marainiya ce, ba ta taɓa ganin uwarta ba."

"Ya wanke. Amma a ruwan farko kawai, ban da na biyu. Kuma ba zan fita ba sai an gama, don na san halinku."

Malam ya karɓa da sauri, ya sa ta rantse, shi ma ya ɗaukar wa gidan alkawari, yana ganin ya yi nasara. Rashin sani ya fi dare duhu: malami ne, ba mai hoto ba. Ruwan farko fito da hoto kawai yake yi, na biyu ne yake kama shi. Takardar da ba ta shiga na biyu ba, da zarar ta ga haske sai ta koma baƙa wuluk. Mai Hoto ya sani, amma yatsun suna nan kusa da idon 'yarsa, don haka bai ce uffan ba.

Ya murɗa gilashin a zobensa, ya saka dodon hoton, ya ɗaga kan injin. Ya daidaita, ya shimfiɗa takarda, ya saki haske. Bai iya ƙidaya ba, muryar ce ta ƙidaya masa. Ya tsoma takardar a farantin farko yana kaɗawa a hankali. Da fari ba komai. Sai bakin ƙofa ya fito, sai mayafi, sai hannu a ɗage zai kare fuska bai kai ba. Sai ga marigayiyar, tana dariya, da ɗan gibinta da ya manta sam. Gwaggo ta toshe baki tana kuka. Farantin na biyu yana nan, tazarar tafin hannu ɗaya, ya kalle shi har sau biyu.

'Yar Baba ta sunkuyo a kan farantin. Idanunta suka daɗe a kan fuskar, ba ƙiftawa. "Kyakkyawa ce," in ji muryar, a sanyaye. "Saura naka."

Gwaggo ta miƙo ruwan zafi a kofi. Ya zare dodon hoton daga injin, ya tsoma, ya murza da babban yatsa. Abin da ke jiki ya saluɓe kamar majina, ya bar 'yar farar leda. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa. Ƙofar da ke kulle ta buɗe da kanta, hasken azahar ya shigo har kan farantin.

Ba ta farka ba sai bayan la'asar. Ta sha ruwa, ta dubi taga ba tare da ta runtse ido ba, Gwaggo ta yi hamdala. Suka gaya mata abin da ya faru, ba su ɓoye komai ba, don ba yarinya ba ce.

"Ke nan na gan ta?"

"Kin gan ta, 'Yar Baba. Kin fi kowa daɗewa kina kallonta."

Ta rufe ido, ta daɗe a haka tana lalube, goshinta a tattare. Da ta buɗe sai ta girgiza kai, ba ta tuna komai ba. Ta ce a kawo mata takardar. Ya kawo, ta bushe, ta ɗan lanƙwashe, baƙa daga gefe zuwa gefe. Ta kai ta bakin taga tana karkata ta dama da hagu.

"Baba, nuna mini inda fuskar take."

Ya ɗora yatsa a sama kaɗan da tsakiya, ya ɗan tsaya, ya matsar da shi hagu, ya sake mayar da shi. Ita kuwa ta tsura wa wurin ido, tana jira ya tsayar da hannun.