Sunaye Arba'in da Uku

Ranar Alhamis da yamma liƙis na ɗauki takardar koken unguwarmu na nufi bakin tabkin Guaíba. Wani kamfani zai dasa bene hawa talatin a inda masunta suka saba shanya taru, mu kuma muna tara sa hannu mu kai majalisar birni. Saura mutum arba'in adadi ya cika, kuma washegari za a rufe karɓa.

Na wuce shingen kwanon kamfanin. Bukkokin masunta tun bara katafila ta baje su. Amma sai na hango hayaƙi.

Wani tsoho na zaune kan kifaffen kwalekwale. Seu Aldomiro ne, aminin mahaifina. A zatona ya koma wajen 'yarsa.

"Zulmira, 'yar Nestor," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sai yanzu kuka tuna da mu? Ran da aka rushe mu, ta taga kuka yi kallo."

Kunya ta rufe ni. Na miƙa masa biro.

Yatsunsa sanyi ƙalau. Warin laka da ruɓaɓɓen kifi ya daki hancina. Kwaɗi suka yi tsit.

"Ku fito," ya ce. Ba da ni yake ba.

Ciyawar ruwa ta dare gida biyu. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, tufafinsu na ɗiga. Mata da kwanduna. Maza ba takalmi. Babu mai numfashi. Ƙarar biro kawai nake ji a kan takarda.

Wata tsohuwa ta damƙe wuyan hannuna.

"Zo, 'yata," ta raɗa. "Nan ba mai korar ki."

Ta ja. Ruwa ya kai gwiwata.

Na fizge. Na zura da gudu, takarda a ƙirji, ban waiwaya ba.

Da safe muka kai koken. Bayan mako guda magatakardan majalisa ya tsaya gaban jama'a ya karanto sunaye arba'in da uku. Duk matattu. Aldomiro ma wata bakwai ke nan da tsamo gawarsa. Aka soke koken kacokan, wai jabu ne. Rayayyu dubu biyu suka sa hannu, ba wanda aka ambaci sunansa.

"Kin kashe mu, Zulmira," in ji Dona Celmira, shugabar ƙungiyarmu. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata.

Benen ya kai hawa goma sha tara yanzu. Daga ƙofar gidana ba a ganin ruwa kuma. Amma duk yamma ina jin warinsa a falona.