Irin Da Ya Bi Ta Cikin Akuya

Hannayenta biyu na cikin baho har gwiwar hannu lokacin da aka turo ƙofar gidan.

Kashin awaki ne, jiƙaƙƙe, kwanansa biyu a ruwa. Warinsa kuwa ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka.

Malama ta ɗago kai.

Mai kantin maganin nan ne da ya shekara yana nemanta, wanda take tsokana da Sarkin Tsabta. A gefensa ga mahaifiyarsa, wadda ba su taɓa haɗuwa ba. Bayansu kuma 'yar ƙanwar uwar ce, 'Yar Gayu, tana murmushin wanda dabararsa ta ci. Ita kaɗai ta san ran Asabar Malama ke tace kashi, don da bakinta ta tambaya.

"A'uzubillahi!" Uwar ta toshe hanci da mayafi. "Ke yarinya, wannan wace irin ƙazanta ce? Maza je ki kira mana 'yar masu gidan."

'Yar aiki ta ɗauke ta.

Malama ba ta dubi uwar ba. Shi ta kalla.

Kalma biyu kawai take jira daga bakinsa. Ita ce. Ko jariri ya iya faɗa.

Ya dubi bahon, ya dubi takalminsa mai sheƙi.

"Umma... ina jin ba ta nan. Mu dawo wani lokacin."

Suka fita. Har suka kai bakin titi tana jin dariyar 'Yar Gayu.

Wallahi shekara uku tana wannan aikin zuciyarta ba ta taɓa tashi ba sai ranar. Ta ruga bayan ɗaki ta yi ta kwara amai.

Ba hauka ya kai ta ga kashi ba. Gidansu ne na ƙarshe a unguwar, an sare duk wani kalgo da magarya an yi girki da su, yashi ya samu hanya har ya fara hawa katanga. Furannin masu sayar da shuke-shuke kuwa rana ɗaya ke gama da su. Ta tara irin kalgo ta shuka a gwangwanayen madara, ta yi ban ruwa wata huɗu, ko ɗaya bai leƙo ba, ɓawon kamar dutse. Wani tsohon makiyayi ne ya yi mata dariya ya ce irin nan ba ya tsira sai ya bi ta cikin akuya. Ta sayi awaki biyu, tana ba su 'ya'yan kalgo, tana tsince irin a kashinsu. Yanzu gwangwani ɗari da ashirin ne jere a jikin katanga, kowanne da ɗan koren kansa.

Goggonta da ta raine ta ba ta raga mata ba.

"Ai na faɗa miki! Malamar makaranta guda, kin zama mai tonon kashi. Wane namiji zai ci tuwon hannun nan?"

"Goggo, ba kashin ne ya tayar mini da zuciya ba."

Kwana tara Sarkin Tsabta yana kira ba ta ɗauka. Saƙonni kuwa kamar ruwan sama. Rabin raina... Hasken idona, ki saurare ni... Duk wanda ta karanta sai ta ji bakinta ya tara yawu, ta nemi wurin tofarwa. A kwanakin ne ta ji 'Yar Gayu ta tare a gidan su Sarkin Tsabta, wai tana taya Umma aiki, ta kuma gaya mata ko wace ce yarinyar bahon. Umma ta rantse ba za a kawo mata mai warin awaki cikin zuri'a ba.

Wata Asabar ɗin sai ga shi, duk ya faɗa.

"Masoyiyata..."

"Kul! Kada ka ƙara. Ƙyamarka nake ji."

"Tsoro na ji. Na ga fuskar Umma, na ga bahon, kaina ya kulle."

"Ka ji kunyata dai. Faɗi gaskiya."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji."

Ta so ya musa, ta samu abin zagi. Da ya amsa sai ta ci gaba da murza kashinta.

Ya tsuguna a gaban bahon, ya zaro safar hannu daga aljihu.

"Mayar da ita," ta ce. "Da safa ba ka bambance iri da tsakuwa. Fatar yatsa ke ganewa."

Mutumin da ke wanke sabulu kafin ya wanke hannu da shi! Ya naɗe hannun riga, ya runtse ido, ya yi bismilla, ya tsoma.

"Wayyo Allah... da ɗumi!"

"Rana ce ta buga shi. Murza."

Ya murza. Ya yi kakari har jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye na zuba, amma bai cire hannu ba. Can ya ɗago wani abu baƙi mai santsi.

"Wannan ne?"

"Tsakuwa ce."

Na uku ne ya dace. Ta miƙa masa gwangwani ya jefa, ta kau da kai don kada ya ga murmushin da ke neman ƙwace mata.

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya.

"Ina ruwanka da lokaci?"

"Na ce wa Umma ta same ni nan ƙarfe goma."

Ba ta gama zare ido ba aka yi sallama. Umma ce, 'Yar Gayu na riƙe mata da jaka. Suka yi turus.

Ya miƙe, ruwan kashi na ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa kan wando.

"Umma, ranar nan ƙarya na yi miki. Tana nan, a gabanki take. Ita nake so, ita zan aura, da awakinta da..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya ya kwarara amai a gindin katanga.

"Kin gani ko, Umma?" 'Yar Gayu ta ɗaga murya. "Asiri ne wallahi!"

"Rufe mini baki."

Umma ta daɗe tana kallon ɗanta, hancinta a toshe. Sannan ta bi layin gwangwanayen da ido har ƙarshensa.

"Yaron nan," ta ce a hankali, "ko majinar ƙanensa ya gani, ranar ba ya cin abinci. Shekara talatin ina fama." Ta juyo ga Malama. "'Yata, macen da ta sa wannan ya tsoma hannu a kashi, ni ba ni da bakin hana ta."

Malama ta durƙusa, hawaye suka ɓalle mata. Ta miƙa hannu biyu za ta kama na Umma.

Umma ta yi tsalle baya.

"A'a, a'a! Na dai yarda da auren. Ku je ku wanke hannu, ku duka biyun!"