Rigar da Abba Bai Ƙarasa Ba

Auta na durƙushe gaban tsohon akwatin Abbanta, kunnenta ɗaya na kicin inda Umma ke wanke-wanke. Can ƙasa, ƙarƙashin almakashi da tef ɗin awo, littafin zanen marigayin yake kwance. Shekara talatin Abba ya yi yana ɗinki, kuma duk rigar da ya ƙirƙira a nan yake fara zana ta. Tun da ya rasu shekara biyu ke nan, Umma ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kan littafin.

"Ke kam kina neman rigima," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "In Umma ta gani, ba ni a ciki."

"Kwana ɗaya ne fa, Yaya. Mai Alli kawai zan nuna wa, gobe in mayar."

Mai Alli shi ne saurayinta, saura wata biyu aurensu. Tela ne mai hannu, ana kiransa haka saboda allin awo ba ya rabuwa da bayan kunnensa, har zance da shi yake zuwa. An gayyace shi baje kolin sababbin ɗinkuna, sai kansa ya toshe, sati uku yana yaga takarda. Auta kuwa so ya rufe mata ido, ba ta iya ganinsa cikin damuwa ta zauna.

Da ya buɗe littafin a shagonsa, sai ya shiga bin sa shafi bayan shafi. A shafin ƙarshe ya tsaya. Doguwar riga ce shuɗiya, da zanen ganye ya gangaro daga wuya, rabin ganyen ma ba a ƙarasa ba.

"Auta, Abbanki ba tela ba ne kawai, mai ƙirƙirar zane ne na gaske," ya ce, yana ɗaukar hoton shafin da waya. "Sai dai duba nan. Kafaɗar hagu ta sauka da inci ɗaya, hammatar ta yi faɗi, ga maɓallai a gefe maimakon zif a baya. Ƙila lokacin ciwo ya fara taɓa hannunsa."

"Ƙila," ta ce, ba ta kawo komai a ranta ba.

Ya daidaita kafaɗun, ya sa zif, ya ƙarasa ganyen. Rigar ta fito tsaf, masu shirya baje kolin suka ce ita za a fara nunawa. Don murna sai ya sa wa mutum-mutumi ita, ya tsayar a bayan gilashin shago.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ran Asabar Umma da Auta suka biyo ta layin za su kasuwa. Umma ta ja ta tsaya cak. Mai Alli ya fito da sauri ya russuna, baki har kunne.

"Umma, sannu da zuwa. Zanen Abba ne, na raya shi. Na ma gyara wani ɗan kuskure da ya yi a kafaɗa."

"Kuskure," in ji Umma a hankali. Ta dubi rigar, ta dubi Auta. "Wa ya ba shi?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan takalminta.

Kasuwar da ba a je ba ke nan. A falo Umma ta yanke hukunci ba tare da ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo.

"Maganar aure a ajiye ta. Wanda ya shiga kayan mamaci ba sallama, har yana yi masa gyara, ba zan ba shi amanar 'yata ba."

"Umma, laifina ne, ni na ɗauka—"

"Na sani. Ke kika buɗe ƙofa, shi kuma ya shigo da takalmi."

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura. Mai Alli ya cire rigar daga gilashi a ranar, ya kira masu baje koli ya ce ya janye. Abokansa suka ce ya yi wauta, dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Ya ce ya ji. Duk Asabar sai ya zo gaisuwa, ya zauna a kujerar bakin ƙofa, Umma ta ƙi fitowa, ya miƙe ya tafi. Yaya har tsokana take yi, wai nan gaba sai an sa masa filo a kujerar.

A waya Auta ta ce masa, "Ko in sa Kawu ya yi mata magana?"

"A'a, kar ki haɗa ta da kowa. Mu muka taɓa mata ciwo, mu jira ya lafa."

Wata biyu suka shuɗe, ranar da ya kamata a yi auren ta zo ta wuce kamar kowace rana. Wata safiya Auta ta shiga ɗakin Umma da shayi, ta tarar da ita tana kokawa da riga, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, gumi ya keto mata. Auta ta ajiye kofin ta taimaka. A nan ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba: kafaɗar hagun Umma ta fi ta dama sauka.

"Umma, yaushe haka ta faru?"

Umma ta zauna bakin gado. "Tun kafin a haife ki. Santsi ya kwashe ni, kafaɗar ta karye, ta ɗoru a karkace. Na daina shiga mutane don kunya. Sai Abbanku ya zauna ya koyi yanka min riga yadda ba mai ganewa. Ku da na haifa ma ba ku gane ba. Waccan shuɗiyar tawa ce, yana cikin zana ta ya kwanta ciwo." Ta share ido. "Shi ne yaro ya dube ni ya ce kuskure."

Auta ta rungume ta suka yi kuka tare. Ashe shi ya sa tun rasuwar Abba Umma ba ta rabuwa da babban mayafi, ko a cikin gida.

Da izinin Umma ta faɗa wa Mai Alli. Ya ce, "Ni takarda na kalla, shi matarsa ya kalla. Rashin sani ya fi dare duhu."

Ya ɗauko rigar ya farke ta zare bayan zare. Ya cire zif ɗin, ya sauke kafaɗar hagu da inci ɗaya, ya buɗa hammata, ya jera maɓallai a gefen da hannun dama zai kai ba wahala. Har ganyen da ya ƙara ya warware, ya bar shi daidai inda fensirin Abba ya tsaya. Ran Asabar ya sa ta a kwali ya ba Yaya, ya ce a ba Umma haƙuri, kayanta ne ya dawo da su.

Kwalin ya yi sati a kan tebur ba a taɓa ba. Asabar ta zagayo, Mai Alli na zaune a kujerarsa, sai labule ya motsa. Umma ce cikin shuɗiyar riga, ba mayafi a kafaɗa, ta tsaya sambal kamar yadda Auta ta san ta a da.

"Ni kaɗai na sa, ba wanda ya taimaka min," ta ce, hawaye na bin kumatunta. Ta shafa ganyen. "Me ya sa ba ka ƙarasa wannan ba?"

"Ba nawa ba ne, Umma. Sai in kin ba ni izini."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta koma ciki, ta fito da littafin ta ɗora masa a hannu.

"Na ba ka. Ka ƙarasa, da ita zan zauna ranar aurenku. Amma ku riƙe wannan ku biyun: kafin ka gyara aikin wani, tambayi don wa ya yi shi. Haƙurin da ka yi a kujerar nan shi ya ba ka Auta, ba gwanintar hannunka ba."

Yaya ta leƙo tana dariya, ta ce to yanzu a mayar da kujerar ciki, ta gama aikinta.