Kwana Huɗu Rijiya a Rufe

A shekara ta 1889, a yankin da yau ake kira Dakoro, akwai wani ƙauye mai gida talatin da ɗaya. Rijiyarsu ɗaya ce, zurfinta gaba ashirin da biyu. Manoma da Buzaye da Fulani duk a nan suke sha.

A ƙarshen gari akwai wani mutum mai suna Jimrau. An kama shi bauta yana yaro, aka kai shi kudu. Bayan shekara ashirin ya sami 'yanci, ya dawo gida da ƙaramar ɗiyarsa. A can ya zama Kirista, kuma shi kaɗai ne a ƙauyen. Ana gaisawa da shi, amma ba a zama a ƙofarsa.

Wata safiya cikin bazara, aka aiki wata yarinya ɗibar ruwa. Ta tsaya wasan carafke a hanya, ta isa rijiya a makare. Ta tarar Jimrau ya ja guga. Ya sunkuyar da kai, ya yi addu'a a hankali, sannan ya sha.

Da ta koma gida, uwarta ta ce, "Tun hantsi nake jiranki! Ina kika tsaya?"

Tsoro ya kama yarinyar. Ta ce, "Inna, Jimrau na tsaya kallo. Ya yi wasu maganganu, ya jefa wani abu cikin rijiya."

Uwar ta zubar da ruwan tulun. Kafin la'asar magana ta kai ga mai gari Mainassara. Ya sa aka rufe bakin rijiya da ƙaya, har sai an kwashe ruwanta duka an yashe ta.

Jimrau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban jefa kome ba. Godiya na yi wa Allah. Da ruwan rijiyar nan aka yi mini wankan farko da aka haife ni."

Wani makiyayi mai suna Agali ya ce, "Shanuna ba su san addininka ba, ƙishirwa suka sani! Wa zai shayar da su?"

Aka hana Jimrau zuwa kusa da rijiya. Amma ba wanda ya yarda ya shiga yasa, don kowa na tsoron abin da aka ce yana ciki.

Mutane suka koma wani tafki mai nisan tafiyar rabin yini. Ruwansa laka ne. Rana ta biyu, maruƙan Agali biyu suka mutu a hanya. Rana ta uku, ɗan akuyar yarinyar ya kwanta bai tashi ba. Ɗiyar Jimrau kuma ta kamu da ciwon ciki.

Rana ta huɗu, yarinyar ta bi ta ƙofar Jimrau. Yana zaune yana yi wa ɗiyarsa fifita. Ya dubi yarinyar ya ce, "Ɗiyata, leɓenki ya bushe. Zo ki sha wannan, na tace shi da ƙyalle."

Ba ta iya karɓa ba. Ta ruga gida tana kuka.

"Inna, ƙarya na yi. Wasa na tsaya. Bai jefa kome ba."

Uwar ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Kin san abin da bakinki ya jawo? Tashi, mu je wurin babanki."

Uban ya kai ta gaban mai gari. Ta faɗi gaskiya a gaban jama'a.

Mainassara ya sa aka kira Jimrau. Sannan ya ce, "Yarinya ta yi ƙarya, amma ni na yanke hukunci ban bincika ba. Jimrau, mun hana ka haƙƙinka. Ka yafe mana."

Jimrau ya ce, "Na yafe. Addinina ya umarce ni da haka, kuma garin nan nawa ne kamar naku. Mu je mu ɗauke ƙayar, yara na jin ƙishirwa."

Shi da Agali suka janye ƙayar tare. Aka umarci yarinyar ta kai ruwa gidan Jimrau kwana bakwai. A rana ta shida ɗiyarsa ta warke, har ta fito ta taryi yarinyar da dariya.

Tun daga nan yarinyar ba ta ƙara ɗora wa wani laifinta ba. Yara, ku riƙe wannan: wanda addininsa ya bambanta da naku, haƙƙinsa a gari daidai yake da naku. Ku faɗi gaskiya a kansa, ku kare haƙƙinsa kamar naku.