Wayoyin da Ɓarawo Ya Bari

Sufeto yana ɗaure igiyar takalminsa wayarsa ta yi ƙara. Sajan ne. An fasa wani shagon waya a bakin kasuwa, an kwashe kaya, oga ya ce su biyu su je.

"Wane shago?"

Sajan ya faɗa masa. Shagon da babbar 'yar Sufeto take aiki ne, wadda ya sha wuya kafin ya ga ta gama karatun haɗa na'urori. A shago Injiniya ake ce mata. Shi kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

'Yar tasa ta riga ta fita daga gida. A falo sai Inna, mahaifiyar tasa, wadda idonta ya yi rauni. Tana zaune da wani ɗan abu a tafin hannunta kamar akwatin ashana, igiyarsa ta hau zuwa kunnenta, tana gyaɗa kai.

"Inna, mene ne wannan kuma?"

"Takwarata ta kawo mini jiya. Na jin waƙa ne. Maɓalli uku gare shi, duk ina jin su da yatsa. Ba irin wayarka ba, da sai an yi ta shafa ta kamar ana lallashin jariri."

Ya yi dariya ya fita. Bai sake yin wata dariyar ba a ranar.

A mota ya kira oga, ya ce yana da 'ya a shagon, a tura wani. Oga ya ce babu wani, kowa yana kan aiki. Sufeto ya juya ga Sajan.

"Idan aka zo kanta, kai za ka yi tambaya, kai za ka rubuta. Ni kallo ne nawa."

"Yallaɓai, ai ba za a zo kanta ba."

"Kai dai ka ji abin da na ce."

An karya kwadon ƙofar baya. Ban da wannan, shagon tsaf yake kamar an shirya shi don baƙi. Dogon akwatin gilashi mai hawa uku ne a tsakiya. A hawan sama manyan wayoyi ne jere, kowace da katin farashinta, farashin da Sufeto ya kalla sau ɗaya ya kawar da kai.

Manaja ne ya tarbe su, wani dogo mai farar riga da hankici a hannu.

"Daga ina aka ɗiba?" Sufeto ya tambaya.

"Hawan tsakiya, yallaɓai. Fiye da rabi. Da kwalayensu da ke sito."

Sufeto ya duƙa. Babu gurbi ko ɗaya a hawan tsakiya. Sauran wayoyin an baza su daidai da daidai, kowace an ɗan karkata ta gefen ƙofa, babba a hagu, ƙarama a dama. Gilashin ma babu alamar yatsa.

"Wa ya gyara nan da safen nan?"

"Babu wanda ya taɓa komai. Haka muka tarar."

"Sai me kuma aka ɗauka?"

Manaja ya rage murya. "Akwai wani samfuri na na'urar jin waƙa da ake gwadawa. Guda ɗaya ne a duniya. Da idona na gan shi a kusurwar nan lokacin da na kulle shago. Ɗan ƙarami ne kamar akwatin ashana, maɓalli uku."

Sufeto ya tuna abin da ya gani a hannun Inna. Ya daɗe a duƙe yana kallon gilashin, don kada a ga fuskarsa.

Mai shago yana ɗan ofishinsa na ciki, fanka na kaɗa shi amma gumi yake yi. Dattijo ne mai ƙiba, mai saurin magana.

"An ce jiya kun yi taro," in ji Sufeto.

"Taro dai irin na kullum. Ni da Manaja da Injiniya. Lafiya muka fara, lafiya muka rabu."

"A kan me?"

"A kan ciniki. Manaja ya ce wayoyin da muka sayar a watan nan ba su kai rabin na bara ba. Ni na ce sun kai, shi ne bai iya duba ba. Ita kuma Injiniya ta ce kowa ya riga ya sayi waya, mu daina jiran mutane su sayi ta biyu, mu fitar da 'yar na'urarta. Wai tsofaffi da direbobi da masu aikin hannu suna son abin da za su danna ba tare da sun kalla ba. Manaja ya ce wa zai sayi abin da ba shi da gilashi a zamanin nan? A cire maɓallan, a sa masa fuska ta shafawa. Ta ce in aka yi haka an mai da shi waya marar kira. To, haka dai."

"Ranka ya daɗe, wani abu ya ɗaure mini kai. Ɓarawo ya shigo, ga mafi tsada a saman akwati, ya tsallake su ya ɗebi na tsakiya."

Mai shago ya yi tsaki. "Ai ɓarawon nan ya fi ni sa'a. Jiya kamfani ya kira ni, sabuwa za ta fito, na saman nan daga yau farashinsu ya faɗi warwas. Katunan ne ba mu canza ba. Yanzu na tsakiyar nan su ne kuɗi."

"Wa ya san da wannan?"

Dattijon ya kalli fanka. "Mu ukun da muka yi taro."

Sufeto ya gode masa ya fito. Ɓarawon ya san abin da mutum uku kawai suka sani, kuma abu ɗaya daga cikin kayan da aka ce an sace yana falonsa, a kunnen mahaifiyarsa.

Injiniya tana ɗakin gyara, gaban teburi cike da ƙananan sukurori da wayoyin da aka buɗe cikinsu. Ta miƙe da ta ga mahaifinta. Bai kalle ta ba. Ya jingina da bango, Sajan ya ja kujera.

"Jiya yaushe kika bar shago?"

"Da aka tashi."

"Kin zauna har ƙarshen taro?"

"Na zauna."

"Samfurin nan fa, ina kika gan shi na ƙarshe?"

Ta sunkuyar da kai. "A cikin akwatin gilashi."

Sajan ya rubuta, ya rufe biro, ya yi kamar zai tashi. Sufeto ya san me yake yi, yana so ya rufa masa asiri ne. Ya tuna ranar da aka haife ta, yadda ya tsaya a bakin ɗakin haihuwa yana jira.

"Sajan, zauna. Rubuta cewa da safen nan na ga na'urar a gidana."

"Yallaɓai..."

"Rubuta."

"Baba," ta ce.

"A nan ba Baba. Ki gaya masa gaskiya, Uwata. Ita kaɗai nake da ita da zan taimake ki."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce ita ta ɗauka. Manaja ya ce abin wasan yara ne, wurinsa kwandon shara, mai shago ya yi dariya. Ranta ya ɓaci, ta buɗe akwati ta jefa shi a jaka ta fita, taro bai ko yi nisa ba.

"Me ya sa kika ce kin zauna har ƙarshe?" Sajan ya tambaya.

"Ban so Baba ya ji yadda aka yi mini a gaban mutane ba."

Sufeto ya yarda da ita har cikin ransa. Amma yardar uba ba ta shiga fayil. Ta yi ƙarya sau ɗaya a gaban ɗan sanda, wa zai karɓi ta biyun?

Ya fita bakin ƙofa ya tsaya yana kallon masu wucewa. Can ya kira Sajan ya raɗa masa magana.

Aka tara su uku a gaban akwatin gilashi. Sajan ya dubi Injiniya.

"Nuna mini wayar da ta fi kowace daraja a shagon nan yau."

Ta yi mamakin tambayar, ta miƙa yatsa hawan sama. "Waccan baƙar. Ai ga katinta."

"Haba, yarinya, waccan da ta faɗi tun jiya?" Mai shago ya faɗa da sauri. "Ai a gabanki aka..."

"A gabanta aka yi me, ranka ya daɗe?" in ji Sufeto.

Dattijon ya share gumi. "Ba ta nan. Ta riga ta fita kafin kamfani ya kira."

"Ka ce ku uku ne."

"Kunya na ji. 'Yarka ce. Na ce mata in ba za ta ji magana ba ga ƙofa nan, ta kuwa bi ƙofar. Yaya zan dubi idonka in faɗi haka?"

Sufeto ya ji sanyi a ransa. Bai bari ya nuna ba.

"Saura ku biyu ke nan. Ranka ya daɗe, da kai ne ka shirya wa kanka sata don inshora ta biya ka, waɗanne za ka ɗauke?"

"Ni? Wallahi da na saman nan zan kwashe, in huta da asararsu."

"Haka na zata. Ɓarawon waje zai ɗauki na sama don ya ga farashi. Kai za ka ɗauki na sama don ka san sun faɗi. Wanda zai bar su shi ne wanda ya san sun faɗi, kuma sayarwa zai yi."

Manaja ya yi murmushi. "Yallaɓai, wannan ai zato ne."

"Zato ne," Sufeto ya amsa. Ya buɗe akwatin, ya zare wayoyi biyu daga hawan ƙasa ya miƙa wa Sajan. "Za mu tafi da waɗannan a duba yatsu. Ku buɗe shago, kada ciniki ya wuce ku."

Ya juya kamar mai tafiya, ya tsaya yana yi wa Sajan wata magana marar amfani. Ta gefen ido yake kallo.

Hannun Manaja ya shiga akwatin da kansa. Ya matsa wannan, ya ja waccan, gurbin ya ɓace. Ya karkata kowace gefen ƙofa, babba a hagu, ƙarama a dama. Ya rufe, ya goge gilashin da hankici.

Da ya ɗago, kowa shi yake kallo.

"Shekara nawa kana wannan jeren?" Sufeto ya tambaya.

"Ai... ba a barin gurbi a akwati, yallaɓai. Mai saye zai ce kaya sun ƙare."

"Gaskiya ne. Ɓarawon ma bai bari ba. Kuma ka ce da idonka ka ga samfurin lokacin da ka kulle shago, alhali tun da rana yana cikin jakarta. Ka ga ta ɗauka, ko ba haka ba?"

Manaja ya cusa hankicinsa a aljihu.

"Me yake fita daga shagon nan ba tare da an buɗe shi ba?" Sufeto ya tambayi mai shago.

"Kwalin wayoyin da suka lalace, da ake mayar wa kamfani. Manaja ne yake kai shi da motarsa. Yau ma ranar kaiwa ce."

Sajan ya shiga sito ya jawo kwalin, an liƙe bakinsa da sabon salatif. Ya sa wuƙa ya farke. A sama matattun wayoyi ne masu fasasshen gilashi. A ƙarƙashinsu sababbi ne fil, cikin kwalayensu.

Manaja ya zauna a kan kujerar masu saye.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Na dawo bayan an tashi, na buɗe da makullina, na karya kwadon don a ce daga waje ne. Ciniki yana mutuwa, ranka ya daɗe, kai ne ba ka son ji. Kamashona daga na saman nan yake fitowa, ga shi sun faɗi. Na san ni za a fara sallama. Ina da yara a makaranta. Na ce in samu abin da zan buɗe ɗan teburina."

"Ita kuma fa?" Muryar Sufeto ta canza. "Ita ba 'yar wani ba ce?"

"Na ga ta sa abin a jaka. Na ce tunda ubanta ɗan sanda ne, za a rufe maganar, babu wanda zai shiga uku."

"Ka yi wa ubanta mummunan zato."

Sajan ya sa masa ankwa. Manaja ya miƙe, ya kalli akwatin gilashin sau ɗaya, aka fita da shi ta ƙofar baya zuwa mota.

Mai shago ya yi gyaran murya. "Injiniya, wannan abin naki... Sufeto ya ce yana wurin kakarki, a bar wa tsohuwa ta gwada shi tukuna. In ta ce yana da kyau, sai mu sake zama. Da maɓallansa."

Ta gyaɗa kai kawai. Ta bi mahaifinta har bakin ƙofa.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Da ka ji an ce an sace shi, ka zata ni ce na kwashi wayoyin?"

Ya so ya ce a'a kawai. Ya kalli motar, ya kalli hularsa da ke hannunsa, sai yanzu ya lura ya murɗe ta har ta lanƙwashe.

"Ban zata ba," ya ce. "Amma na ji tsoro. Tun safe nake jin tsoro."

Ta karɓi hular ta gyara masa ita, ta miƙa masa. Ya sa, ya shiga mota kusa da Sajan, suka tafi da Manaja ofis.